Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga likitoci da ma'aikatan jinya: ku tambaye mu labarin al'adarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranku ya daɗe likitoci, ma'aikatan jinya, ungozomomi, masu ba da magani, da malaman da suke horar da ku. Ina gaishe ku da aiki, sannunku da ɗawainiya da mu.

Ni malamar makaranta ce, shekarata 53, 'ya'yana huɗu, kuma duk a hannun irinku na haife su. Akwai daren da ba don Allah ya sa wata ungozoma ta lura da jinin da nake zubarwa ba, da wata ce za ta rubuta wannan takarda. Saboda haka da girmamawa na zo. Ina magana ne da yawun mata sa'o'ina, waɗanda suka haura arba'in, al'ada ta fara yi musu gardama ko ta ɗauke baki ɗaya, suna fama da jikinsu a ɓoye. Na zauna da su a ɗakin malamai, na zauna da su a layin ganin likita, na ji abin da suke faɗa idan babu namiji a kusa.

Muna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 matan da suka kai shekara 50 ko suka wuce su ne kashi 26 cikin ɗari na dukkan mata da 'yan matan duniya, alhali shekara goma kafin nan kashi 22 ne. Mafi yawanmu al'ada takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, kuma mace takan yi shekara ashirin, talatin, a raye bayan nan. Lokacin da muke haihuwa kun san mu ciki da waje. Akwai kati, akwai ranar awo, akwai lacca kafin a ga likita, akwai mai tambayar ko ƙafa ta kumbura. Daga ranar da haihuwa ta tsaya, sai aka nemi ƙofar da za mu ƙwanƙwasa aka rasa.

Kukana na farko shi ne ba ku tambayarmu.

Ina da shekara 47 abin ya fara mini. Tsakar dare sai in farka, rigar barcina ta jiƙe sharkaf, zuciyata tana dukan uku-uku. Da rana ina tsaye gaban allo sai in ji zafi ya taso daga ƙirji ya haura wuya ya mamaye fuska, gumi ya karyo, yara suna kallona. Minti uku ko huɗu ya wuce, sai kuma sanyi ya kama ni. Sau uku na je asibiti. Zuwan farko aka ba ni maganin zazzaɓi. Zuwa na biyu aka yi mini awon zuciya, aka ce lafiya lau. Na uku aka ce tunani ne ya yi mini yawa, in rage. Na koma gida da tsoro fiye da wanda na zo da shi, domin idan komai lafiya ne, me ke tayar da ni kowane dare? Har na fara nuna wa babbar 'yata inda nake ajiye takardun gida. Shekara biyu ina cikin wannan hali. Ranar da Allah ya kawo sauƙi, wata ma'aikaciyar jinya ce tana ɗaura mini abin awon jini a hannu, ta dube ni ta ce, "Malama, yaya al'adarki take zuwa yanzu?" Na ce wani lokaci ta yi wata uku ba ta zo ba, wani lokaci ta zo sau biyu a wata. Ta ce, "To ai ga bakin zaren."

Tambayar ba ta ci minti ɗaya ba. Tun 2015 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce macen da ta haura 45, mai wannan zafi da gumi tare da rikicewar al'ada, ba ta buƙatar gwajin jini kafin a gane halin da take ciki, bayaninta ya isa. Dalili kuwa shi ne a shekarun nan sinadaran jikin suna hawa suna sauka, awon yau daban, na mako mai zuwa daban. Amma ga mu muna zagaya ɗakunan gwaji, muna shan magungunan cutar da ba mu da ita. Na san kuma akwai cututtukan da suke kama da wannan: ciwon tayiroyid, ƙarancin jini, ciwon sukari, har da tarin fuka mai sa gumin dare. Ba na so a jingina wa ɗaukewar al'ada komai da komai. Sai dai wanda bai tambayi al'ada ba, ta yaya zai bambance wannan da wancan?

Idan kuma an dace an gano, sai a sallame mu da kalma biyu: "Girma ne, ki yi haƙuri." Wannan magana ta fi ciwo. Gaskiya ne ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce, mataki ne da kowace mace mai tsawon rai za ta taka. To ai naƙuda ma ba cuta ba ce, amma ba ku taɓa barin mu da ita mu kaɗai ba. Kun fi ni sanin abin da ke faruwa. Ma'ajiyar ƙwan mace tana rage samar da istirojin, ɗaya daga cikin sinadaran jiki da ake kira homon, shi kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki sai ya rikice, ɗan ɗumi kaɗan ya ɗauke shi kamar gobara, ya buɗe jijiyoyin fata ya saki gumi. Mafi yawan mata suna samun wannan, wasu kaɗan, wasu har ya hana su sakat. Haƙurin da ake cewa mu yi, na kwana nawa ne? Binciken SWAN da ya bi dubban mata a Amurka shekara da shekaru ya fitar da sakamako a 2015 cewa matsakaicin tsawon wannan zafi ya haura shekara 7, a wurin mata baƙar fata kuwa ya kai shekara 10.

Ku auna shekara goma babu barcin kirki. Macen da ba ta yi barci ba ita ce za ta wayi gari ta manta sunan ɗalibin da ta koyar shekara uku, ita ce za ta yi wa ɗanta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ga ciwon gaɓoɓi, ga faɗuwar gaba babu dalili. Na san wadda ta ƙi karɓar ƙarin girma a wurin aiki don tana jin ƙwaƙwalwarta ta fara lalacewa. Na san wadda mijinta ya ce ta canza hali, ita ma ta yarda ta canza, babu wanda ya gaya musu su biyun cewa abin yana da suna kuma yana da magani. A daidai shekarun da mace ta ƙware a sana'arta, ga 'ya'ya masu tasowa, ga iyaye sun tsufa suna buƙatarta, a lokacin ne ake barinta ta ƙare a tsaye.

Yanzu bari in zo kan maganar da na fi so ku saurara, maganin cike gurbin homon, wato wanda ke mayar wa jiki istirojin ɗin da ya ragu. Bayan na gane matsalata, na tambayi wani likita ko akwai abin da za a ba ni. Ya girgiza kai ya ce wannan magani yana kawo sankara, in manta da shi. Sai daga baya na bi diddigin inda tsoron ya samo asali. A watan Yuli na 2002 aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken WHI a Amurka, wanda ya ƙunshi mata sama da 16,000, bayan an ga ƙaruwar sankarar mama, daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki a cikin masu shan haɗin istirojin da furojestin, wato nau'in homon ɗin furojestaron da ake haɗawa. Labarin ya karaɗe duniya, mata suka watsar da magani, likitoci suka daina rubutawa. Abin da bai karaɗe duniya ba shi ne bayanin da ke ƙasa. Matsakaicin shekarun matan da aka yi binciken da su 63 ne, da yawansu sun fi shekara goma da daina al'ada. Ƙarin sankarar maman da aka gani mata 8 ne cikin kowace 10,000 a shekara. A ɗaya ɓangaren binciken, na matan da aka cire wa mahaifa suna shan istirojin kaɗai, ba a ga wannan ƙaruwa ba. Da aka sake tace alƙaluman bisa shekaru, manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka tsaya a kan cewa mace mai ƙoshin lafiya, 'yar ƙasa da shekara 60 ko wadda ba ta kai shekara goma da daina al'ada ba, wadda alamomin suka dame ta, amfanin maganin a wurinta ya fi haɗarinsa. Kuma har yau babu abin da ya kai shi kashe wannan zafi da gumi, ga shi yana kare ƙashi.

Ban ce babu haɗari ba. Akwai, kuma haƙƙinmu ne a faɗa mana shi ɓaro-ɓaro. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko ta yi shanyewar ɓarin jiki, ko hantarta ba lafiya, ko take zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba, lissafinta daban ne. Mai mahaifa ba a ba ta istirojin shi kaɗai, dole a haɗa da furojestaron ta ƙwaya ko ta robar da ake sakawa a mahaifa, in ba haka ba bangon mahaifar zai yi kauri har ya iya rikiɗewa sankara. Wanda ake mannawa a fata kamar filasta ko ake shafawa ya fi na haɗiya sauƙi ta fuskar daskarewar jini. Duk wannan ilimi yana nan a littattafanku. Abin da ke damuna shi ne kanun labarin 2002 ya zauna a zukata, gyaran da ya biyo baya bai iso ɗakin duba marasa lafiya ba.

Ni dai a ƙarshe na samu wata likita da ta zauna da ni. Ta tambayi tarihin mahaifiyata da 'yan'uwana mata, ta auna jinina, ta duba mama, ta zayyana mini amfani da haɗari, sannan ta ce, "Ke me kika gani?" Na zaɓi na mannawa. Cikin 'yan makonni na yi barcin da rabona da shi tun ina 47. Wata aminiyata ita ma an yi mata irin wannan bayani, ta ce ba ta so, za ta bi wata hanya. Ni da ita duk an mutunta mu, domin an ba mu zaɓi.

Akwai kuma abin da kunya ba za ta bar mu mu fara faɗa ba, kuma kun san da haka. Idan istirojin ya ja baya, fatar gaban mace takan bushe ta yi siriri. Kwanciyar aure ta koma azaba, fitsari ya riƙa zafi, a riƙa jin matsuwarsa a kai a kai, ciwon mafitsara ya tafi ya dawo. Zafin jiki yakan lafa da kansa bayan shekaru, wannan kuwa ƙaruwa yake yi idan an bar shi. Mace za ta zo ta ce muku "sanyi ne yake damuna", don iyakar abin da bakinta zai iya furtawa ke nan. Sai a rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, bayan wata biyu ta dawo a sake rubuta wani. Alhali akwai istirojin ɗan kaɗan da ake sakawa a wurin, na shafawa ko na matsi, wanda abin da ke shiga jini daga cikinsa ƙalilan ne, yana gyara fatar kuma yana rage dawowar ciwon mafitsara. Akwai man da ke sanya laushi wanda babu homon a cikinsa sam. Gidaje nawa ne suka yi sanyi a kan wannan, miji yana zaton an guje shi, mata tana zaton ta ƙare? Ba za mu iya buɗe zancen ba. Idan kuka buɗe shi cikin mutunci, ƙofa a rufe, za mu amsa.

Matan da homon bai dace da su ba, musamman waɗanda suka yi jinyar sankarar mama, su aka fi bari hannu rabbana, kuma sau da yawa zafinsu ya fi na kowa tsanani. Su ma suna da mafita. Wasu magungunan ciwon damuwa irin su benlafaksin da faroksetin suna rage zafin idan an ba da su kaɗan, sai dai faroksetin ba ya jituwa da tamoksifen da masu sankarar mama ke sha. Gabafentin yana taimaka wa mai gumin dare. A watan Mayu na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da fezolinetan, wanda ake sayarwa da sunan Veozah, maganin da ke aiki kai tsaye a wurin daidaita zafi na ƙwaƙwalwa, amma yana buƙatar a riƙa auna lafiyar hanta. A 2024 hukumar NICE ta ƙara zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam a cikin hanyoyin da za a iya bi don zafin jiki da rashin barci. Na san ba kowane magani ake samu a ko'ina ba, ba kuma kowa ke da halin saye ba. Amma a ce wa mace "babu abin da za a yi" alhali akwai, wannan ba daidai ba ne.

Kuma duk inda kuka yi shiru, wani zai yi magana. Wayoyinmu cike suke da masu tallar ƙwayoyi da garin "daidaita homon", babu wanda ya san abin da ke ciki, babu wanda ya auna ko zai yi karo da maganin hawan jinin da mace take sha. Ban ga laifin matar da ta saya ba. Ta je inda ya kamata ta fara zuwa, aka ce ta yi haƙuri.

Wata ƙanwar ƙawata tana da shekara 38 aka yi mata tiyata saboda ƙari, aka cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai duka biyu. Aikin ya yi kyau, an ceci ranta. Amma ba a gaya mata cewa cikin 'yan kwanaki za ta faɗa abin da sauran mata ke shiga a hankali cikin shekaru ba. Aka sallame ta da maganin ciwo da ranar cire zare. Macen da al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40, ko da kanta, ko ta dalilin tiyata, ko maganin sankara, za ta yi shekaru masu yawa babu kariyar istirojin, ƙashinta da zuciyarta su ne za su biya. Ƙa'idar da aka sani ita ce irin waɗannan a ba su homon har su kai shekarun da al'ada ke ɗaukewa a bisa ɗabi'a, in dai babu abin da ya hana. Maganar ƙashi kuwa ta shafe mu duka, domin a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada ne ya fi saurin zaizayewa, shiru, babu ciwo, sai ranar da tsohuwa ta zame ƙugu ya karye.

Gargaɗi biyu ne ban taɓa jin an yi mana ba, kuma kowannensu na iya zama maganar rai. Idan mace ta cika wata 12 babu al'ada sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, wannan ba al'ada ce ta dawo ba, dole a duba mahaifa, don yana iya zama alamar farko ta sankara, wadda ake warkewa idan an kama ta da wuri. Na ji mata suna murna da irin wannan jini, suna cewa ƙuruciya ce ta dawo. Na biyu, matuƙar al'ada tana zuwa ko da jefi-jefi ne, ciki na iya shiga, kuma maganin cike gurbin homon ba ya hana ɗaukar ciki. Mai son tazara ana shawartarta ta ci gaba da amfani da hanyar hana ɗaukar ciki har shekara biyu bayan jinin ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, shekara ɗaya idan ta wuce.

Ga abin da muke roƙo.

Malaman makarantun likitanci da na jinya, ku ba wannan babi lokacinsa, ku sa shi a jarrabawa, domin abin da ba a tambaya a jarrabawa ɗalibi ba ya riƙe shi. Waɗanda suka daɗe da gama karatu a shirya musu bita, su ji abin da ya canza tun 2002. Shugabannin asibitoci, ku ware ko da yini ɗaya a mako da mace mai wannan matsala za ta san inda za ta nufa, ko da ma'aikaciyar jinya ɗaya ce aka horar ta zauna a wurin. Yadda ake yi wa masu ciki lacca, mu ma a yi mana, da harshen da muke ji, a kuma bar ƙofa a buɗe ga mazajenmu, don rabin rigimar gida rashin sani ne. Ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta ware don wannan batu, ku yi amfani da ita ku shiga rediyo. Masu tsara jerin magungunan da asibiti ke ajiyewa, ku sa istirojin na mannawa da na matsi da furojestaron a ciki, don likita ba zai rubuta abin da ya san ba za a samu ba. Likitocin tiyata, kafin ku cire ma'ajiyar ƙwan mace, ku zaunar da ita ku gaya mata abin da zai biyo baya da abin da za a yi a kai.

Idan za ku ba mu shawarar motsa jiki, rage ƙiba, barin taba, samun isasshen kalsiyam da bitamin D, muna so, kuma za mu bi, don mun san suna kare ƙashi da zuciya. Amma kada shawarar ta zama hanyar sallamar wadda ta yi wata shida ba ta runtsa ba.

A takardar da kuke cikewa idan mace ta zauna a gabanku, inda ake rubuta awon jini da nauyi, ku ƙara layi ɗaya ga duk wadda ta haura arba'in, ko da ciwon kai ne ya kawo ta: yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, yaya barcinta, kuma akwai abin da take jin nauyin faɗa?

Allah ya ƙara muku basira, ya saka muku da alheri.

Taku cikin girmamawa,
Wata malamar makaranta, a madadin sa'o'inta